Wa Ke Zaɓa Wa Kunnen Basakkwace Kiɗa?

Akwai wata magana da ake yawan ji a rumfunan masu tura waƙa a waya, daga bakin babbar kasuwa har Gawon Nama da Dandima. Yaro zai miƙa memori ya ce, "Maigida, a sa man kiɗin DJ na Turawa, mai zahi." Mai rumfa ya kwafe masa jaka guda mai waƙa ɗari uku, ya karɓi kuɗinsa. Ka buɗe jakar, ba sunan mawaƙi ko ɗaya, sai lamba: ta ɗaya, ta biyu, ta arba'in da bakwai. A ciki akwai na Afirka ta Kudu, akwai na Kolombiya, akwai wanda wani yaro ya harhaɗa a ɗakinsa a Legas. Duk an yi musu kuɗin goro, an ce "na Turawa".

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙasar nan ce fa tsoho zai ji bugu uku a rediyo ya ce maka wannan kotson Narambaɗa ne, wancan taushin Salihu Jankiɗi ne, wancan kuma kalangun Ɗan Anace ne, za a shiga dambe. A ce jikokinsa su yi wata shida suna sauraron abu ba su san wanda ya yi shi ba, ba su san inda ya fito ba, balle abin da yake faɗa.

Matsayina a fili yake. Kiɗan na'ura da kiɗan Latin Amurka sun riga sun shigo, suna cikin waya, suna gidan biki, suna motar haya. Kawar da kai ba zai fitar da su ba. Abin da ya rage shi ne wa zai yi zaɓen: kai, ko mai rumfa da manhajar waya. Wanda ya iya nemo mawaƙi da kansa shi yake iya tsallake shara da batsa ya kai ga mai kyau, kuma shi ne ba a yi wa sakiyar da ba ruwa da sunan kai shi bikin kiɗa a Turai.

"Wanga ai kiɗin Turawa na, mi yag gama mu da shi?"

Mu fara da gida. Waƙar nanaye ta fina-finan Hausa da me ake kaɗa ta? Tun shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, yau kuma kwamfuta ce da manhaja irin FL Studio, a ɗauki murya a bi ta da na'urar gyara. Ba kalangu a ɗakin, ba makaɗi. Kiɗan na'ura ke nan, ko mun kira shi da sunan ko ba mu kira ba.

Maƙwabtanmu ma sun riga mu. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai, shi kaɗai da fiyanonsa na lantarki, yana juya karin waƙoƙin gargajiyar Nijar. Shekaru ana jin kiɗan a gidan rediyo da talabijin na ƙasar tsakanin shiri da shiri. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, masu tara faifai a Turai suka yi ta rububi. A shekarar dai kamfanin Luaka Bop ya tattara kiɗan William Onyeabor na Inugu, wanda shi ma da na'ura ya yi aikinsa tun shekarun 1970. Mu da ke kusa ba mu san su ba, na nesa ne suka zo suka tono.

Su kansu hawus da tekno, manyan rassan kiɗan na'ura, baƙaƙen fatar Amurka ne suka rene su. (Tekno ɗin nan ba mawaƙin Legas ba ne, ba kuma wayar da ke aljihunka ba.) Hawus ya samo sunansa daga wani gidan rawa a Shikago mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles yake juya faifai tun ƙarshen shekarun 1970. Tekno kuwa wasu abokai uku ne a yankin Detroit, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka ɗora shi a shekarun 1980. Gaskiya ne sun sha sauraron Kraftwerk na Jamus, gangarsu kuma akwatin kamfanin Roland ne na Japan, irin TR-808 da ya fito a 1980. Amma hannun da ya kaɗa na jikokin bayi ne. A yau ma ɗan Afirka ta Kudu, Black Coffee, ya ɗauki kyautar Grammy ta wannan fanni a 2022, amapiyanon da ya cika gidajen bikinmu kuma daga unguwannin Firitoriya da Johannasbag ya taso.

Na Latin ya fi wannan kusa. Kashin bayan kiɗan Kuba gangunan da bayi suka tafi da su ne, suka haɗu da jita da waƙar Sifaniyawa. Daga shekarun 1930 wani kamfanin Ingila ya riƙa kawo fayafayan Kuba kasuwannin Afirka, masu lambar GV. Mutanen Kinshasa suka ji, suka ce ai wannan namu ne ya je yawo ya dawo, daga nan rumbar Kwango ta fito, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021. A Dakar aka kafa ƙungiyar Orchestra Baobab, mai kiɗa da salon Kuba, a 1970. Gwamnatin Mali ta tura ɗalibai Habana koyon kiɗa a shekarun 1960, cikinsu har da Boncana Maïga na Gao, wanda daga baya ya haɗa mawaƙan Sanagal da makaɗan salsa na New York a ƙungiyar Africando. Makaɗan kamfanin Fania, gidan salsa da aka kafa a 1964, sun zo Kinshasa da mawaƙiyar Kuba Celia Cruz a 1974, a wasan da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da Foreman.

Akwai kuma zaren da ya taɓa mu kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa mutanen ƙasar Hausa da dama cikin jiragen bayi, da yawansu Bahiya ta Barazil aka sauke su. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a can. A Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador, Yarbawa ne suka fi yawa, da Hausawa a cikinsu. Har gobe akwai ƙungiyar makaɗa a birnin mai suna Malê Debalê, da aka kafa a 1979 don tunawa da su.

Sai dai kada mu zarce. Wanda ya ce sambar Barazil ko salsa kiɗan Hausa ne ya yi ƙari. Jijiyarsu ta fi zurfi a Kwango da Angola da ƙasar Yarbawa. Dangi ne na nesa, irin wanda in kun haɗu sai an tsaya an yi lissafin kakanni.

Kunne ake fara gyarawa

Kafin neman suna, a koyi jin bambanci. Abu biyu ne: sauri da tsarin bugu.

Sauri ana auna shi da yawan bugu a minti ɗaya. Ka bi babbar gangar da ƙafarka, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Regeton, wani kiɗan Latin Amurka, yana tsakanin 90 da 100. Amapiyano wajen 110 zuwa 115. Hawus 120 zuwa 130. Tekno daga nan ya yi sama, har 140 da ɗoriya. Singeli na Darussalam yana wuce 200, kamar ana korar ɓarawo.

Tsarin bugu kuwa da tafi ake gane shi. A hawus da tekno babbar ganga tana sauka daidai wa daida, ɗaya biyu uku huɗu, ba ta tsallake ko ɗaya. A salsa da kiɗan Kuba akwai abin da suke kira kilabe, bugu biyar da 'yan sanduna biyu. Ka ƙirga ɗaya zuwa goma sha shida da sauri, ka tafa a kan 1, 4, 7, 11 da 13. Uku, sannan biyu. Wasu waƙoƙin suna juya shi, biyu sannan uku. Duk sauran makaɗan a kan wannan suke hawa, in ɗaya ya saɓa, masu rawa ne za su fara harararsa. Regeton ya ɗauki rabin farko kawai, uku-uku-biyu, ya ɗora a kan ganga mai sauka daidai. Asalin bugun daga Jamaika yake, ya bi ta Fanama, ya girma a Puerto Rico a shekarun 1990. Kumbiyar Kolombiya ita kuma ana gane ta da shakar caki mai jan ƙafa, kamar tafiyar doki da sassarfa.

Nan ne DJ ɗin gidan biki yake yawan kwafsawa. Ya tashi daga waƙa mai bugu 95 ya afka wa mai 125, gangunan biyu su yi ta karo kamar shanu a mashaya. In ya ja saurin ɗaya da ƙarfi don su daidaita, murya ta koma ta aku. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a ja waƙa fiye da kashi biyar ko shida cikin ɗari, kuma a shigo da sabuwa a farkon zango, domin irin wannan kiɗa a kan zangon takwas-takwas ko goma sha shida aka gina shi.

Kada kuma a yanke wa kiɗan na'ura hukunci da sifikar waya. Ƙugin da ke ɗauke da amapiyano da hawus yana can ƙasa, inda 'yar sifikar ba ta kaiwa. Abin da za ka ji shi ne ƙwas-ƙwas kawai, ka ce ba komai a ciki. Ko abin kunne mai araha ya fi.

Yadda ake tono mawaƙi

Mafari shi ne jakar nan ta mai rumfa. Ka zaɓi uku da suka kwanta maka, ka sa manhajar Shazam, mai gano sunan waƙa, ta saurara. Tana gaza ganewa in DJ ya ja saurin waƙar ko yana ihu a kai, don haka a nemi gurbin da kiɗan yake shi kaɗai na daƙiƙa goma sha biyar. In ta ƙi, a gwada wani gurbin.

Da ka sami suna, kada ka tsaya ga mawaƙin. Ka buɗe bayanan waƙar a Spotify, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2021, ko a Discogs, shafin intanet mai tara bayanan fayafayai, ka duba abu biyu: wa ya haɗa kiɗan, wane kamfani ya buga. A wannan harka furodusa da kamfani su ne zuri'a. Kamar yadda sanin fadar da makaɗi yake wa waƙa yake gaya maka irin abin da za ka ji, haka sunan kamfani. ZZK na Buenos Aires zai kai ka ga masu haɗa kumbiya da na'ura, irin su Chancha Vía Circuito da Nicola Cruz na Ekwado. Fania zai buɗe maka tsohuwar salsa. Analog Africa na Jamus yana tono tsofaffin fayafayan Afirka da Kolombiya da Barazil. Nyege Nyege Tapes na Kampala yana da na gabashin Afirka masu tsauri. Sahel Sounds kuwa zai dawo da kai ƙofar gida, ga su Hama na Yamai da fiyanonsa.

Dabarar da ta fi kowacce arha ita ce fastar bikin kiɗa. Ba sai za ka je ba. Ka nemo ta bikin Sónar na Basalona ko ta Petronio Álvarez na Kali, ka bar manyan sunayen da ke sama, ka sauka ƙasa inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Waɗannan wani masani ne ya zauna ya tace su daga ɗaruruwa. Ka ɗauki biyar a mako, kowanne ka ji waƙarsa uku, ɗaya daga ciki ta kasance wasan kai tsaye, irin na gidan rediyon KEXP ko Tiny Desk, domin a nan ake gane wanda na'ura ta rufa wa asiri. Wanda ya yi, ka rubuta sunansa da ƙasarsa a littafi. Manhajar Radio Garden kuma za ta bar ka ka juya duniya da yatsa ka saurari rediyon Barranquilla ko Habana kai tsaye, ka ji abin da mutanen garin suke ji da kansu.

Jerin da manhaja take haɗa maka da kanta yana da amfani, amma makauniya ce mai bin sawu. Abin da ka ji jiya shi za ta ƙara maka yau. Ka ara wa ƙanenka waya kwana biyu, ka wayi gari ta cika ka da abin da shi yake so.

Masu cewa data ta yi tsada suna da gaskiya, amma a yi lissafi. Sauti zalla a ƙaramin inganci, na kilobit 96 a daƙiƙa, yana cin megabait 43 a awa. Na 160 yana cin 72, na 320 kuma 144. Bidiyo ne ke lashe data, don yana ninka wannan sau da yawa. A saurara a ƙarami lokacin bincike, wanda aka tabbatar ana so a sauke shi da garaɓasar dare. Mai kiɗan biki dai ba shi da uzuri: waƙar da aka ciro daga bidiyo aka matse aka sake matsewa, in ta hau babbar sifika ƙarar gwangwani take yi. Ya nemi ta 320 ko wadda ba a matse ba.

Batsa fa, da addini?

Wannan ƙorafi shi ne mai nauyi, kuma ba na raina shi. Malamai sun daɗe suna magana a kan kiɗa, a garin nan ma tun zamanin Shehu da Abdullahin Gwandu. Ni ba mai fatawa ba ne. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don Allah, ya riƙe abinsa, ba da shi nake ba. Da wanda abin sauraro yake maƙale a kunnensa tun safe nake.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce regeton da yawa batsa ce tsirara da Sifaniyanci, wadda in da Hausa aka rera ta ba mai bari ta shiga gidansa. Ana kaɗa ta a gaban iyaye da surukai don ba wanda ya san me ake cewa. Rashin jin harshe ba ya wanke magana. Minti biyu ya isa a nemo baitocin a intanet a sa manhajar fassara ta juya su, ko da gurguwar fassara ce za a gane inda aka dosa.

Mai zaɓe da kansa yana da mafita. Rubén Blades na Fanama lauya ne, har ministan yawon buɗe ido ya yi, salsarsa labarin talaka ce da azzalumin shugaba. Juan Luis Guerra na Jamhuriyar Dominika ya yi suna ba tare da ƙazamin baki ba. Totó la Momposina ta Kolombiya ganguna ne da amshi, kamar kana gidan suna. Kiɗan na'ura mai yawa kuma ba murya a cikinsa sam. Duk wannan ba ya cikin jakar mai rumfa.

Zuwa bikin: lissafi kafin ɗoki

Duk yaron da ya ga bidiyon bikin kiɗan na'ura na Tomorrowland sai ya ce shi ma sai ya je. Ana yin sa a garin Boom na Beljiyam tun 2005, a watan Yuli, ƙarshen mako biyu, mutane wajen dubu 400. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne sai ka yi rajista tun da wuri, a sayar da tikiti a farkon shekara, ya ƙare nan da nan, kuma da sunan mai shi yake. Duk wanda ya tare ka a WhatsApp ya ce yana da tikiti da biza a haɗe, kuɗinka yake so.

Bizar Shengen, ta shiga Beljiyam da yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90 tun 2024, ban da ladan ofishin karɓar takardu, kuma ba a mayarwa in an hana. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro dubu 30, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar dawowa, da bayanan banki masu nuna kuɗin sun daɗe suna shiga, ba wanda aka zuba jiya ba. A 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu nema ana hana su. Saurayi marar aure, marar aikin albashi, shi ne na farko a layin hanawa. Ba mu kaɗai ba ne: faifan Buena Vista Social Club na 1997 da makaɗan Mali aka shirya yin sa a Habana, matsalar biza ta hana su isa, aka yi da dattawan Kuba ba tare da su ba.

Saboda haka tsarin shi ne a nemi biza da wuri, ana karɓar takardu tun saura wata shida. Masauki a kama wanda ake iya sokewa. Tikitin jirgi kada a biya sai biza ta fito. A tambayi banki tun farko ko katin naira zai biya a waje da iyakar abin da zai biya, don mutane da yawa a nan suke maƙalewa, tikiti yana hannu, kati ya ƙi. A tuna kuma daga filin jirgin Sultan Abubakar III sai an bi ta Abuja ko Legas, kwana ɗaya ke nan a kowane gefe.

Ra'ayina shi ne mai fara fita ya fara da kusa. Bikin FEMUA na Abijan, wanda mawaƙan ƙungiyar Magic System suka kafa a 2008, ba ya buƙatar biza, fasfo da katin rigakafin shawara sun isa. Sauti za Busara na Zanzibar a watan Fabrairu ake yi, a garin Musulmi, kiran salla yana shiga har filin. Bikin Gnaoua na Essaouira a Maroko, tun 1998, na jikokin mutanen da aka ɗauka daga wannan yanki namu ne aka ƙetara da su Sahara, wanda ya san garaya da kiɗan bori zai ji wani abu ya motsa masa. Nyege Nyege na yankin Jinja a Yuganda, tun 2015, shi ne matattarar kiɗan na'ura na Afirka, amma a sani ko a can sai da minista ya nemi hana shi a 2018, majalisa ma ta nema a 2022, duk a kan tarbiyya. Ba wurin kowa ba ne.

Shin akwai giya da ƙwaya a irin waɗannan wurare? Akwai, ƙarya ne a ce babu. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da linzami ya zauna gida, manyan bukukuwan suna watsa wasansu kyauta a YouTube. Wanda zai je, ya riƙe gorarsa, kada ya karɓi abin sha a buɗe daga hannun kowa. Ya duba lokutan salla na garin kafin ya tashi, don a Beljiyam cikin Yuli magariba sai bayan tara da rabi na dare. A ƙasashen masu Sifaniyanci ya haddace kalma biyu, "cerdo" da "jamón", duka alade ne, kuma yana ɓuya har cikin wake da shinkafa.

Haɗarin da ba a zance shi ne turmutsitsi da kunne. Mutum 21 suka mutu a bikin Love Parade na Duisburg a Jamus a 2010, a wata hanyar ƙarƙashin gada da aka mayar mashiga da mafita. Goma suka mutu a bikin Astroworld na Houston a Amurka a 2021. Da ka shiga fili ka nemi ƙofa biyu da idonka. In ka ji taro yana kaɗa ka kamar ruwa, ba kai ke tafiyar da ƙafarka ba, lokacin fita ya yi: hannu biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, ka riƙa zamewa gefe-gefe, kada ka yi gaba da igiyar, kada ka duƙa ɗaukar waya ko takalmi.

Kunne kuma ba ya tohuwa. Ƙara mai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) ana jure ta awa takwas, duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu, a 100 minti 15 ne kacal. Gaban dandamali yana kaiwa nan, gidan bikinmu ma yana kaiwa. Abin toshe kunne na roba ba shi da tsada. In ka kwanta kunnenka yana ƙugi, an riga an yi ɓarna.

"Zai kashe namu"

Abin da ke kashe namu shi ne ba a biyan makaɗa, ba a naɗar su da kyau, 'ya'yansu sun koma kabu-kabu. Mutanen Kolombiya ba su kashe kumbiya da suka sa mata na'ura ba, ƙungiya irin Bomba Estéreo ta kai ta ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba.

Ba abin da zai hana a yi ƙaramin taron sauraro a Sakkwato da ya dace da mu. Cikin hunturu, Disamba ko Janairu, don a Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kayan sauti da mutane duk sumewa za su yi. Daga bayan la'asar zuwa tara na dare, a tsaya cak don magariba da isha'i. Mutum ɗari biyu a fili mai katanga da ƙofa biyu, da izinin hukuma da sanin mai unguwa, mata da wurin zamansu. Janareta ya fi ƙarfin kayan da rabi, fitilu a wani layin daban don kada su sa sifika gurnani, mai sauti kuma ya kiyaye jar wuta a na'urarsa, ita ke ƙona sifika. Kowace waƙa a faɗi sunan mai ita da ƙasarsa kafin a sake ta.

Rabin lokacin a ba makaɗan kotso da kalangu da gurmi tare da yaran situdiyo. A rubuta yarjejeniya kafin a naɗa: nawa za a biya yau, kashi nawa makaɗi zai samu in waƙar ta yi kasuwa, sunansa kuma ya fito a jiki. Tsofaffin kaset na su Ɗanƙwairo suna da magada, ba a yanko su a liƙa a waƙa sai an je an gaishe su an nemi izini.

Wajen naɗar ma akwai inda ake ɓatawa. Kalangu magana yake yi, hammata tana matse tsarkiya murya ta hau ta sauka, bugunsa kuma yana ɗan riga layin kwamfuta ko ya ɗan makara da gangan. Yaron situdiyo yakan danna maɓallin da ke jera kowane bugu a kan layi, sai ya ji abin ya mutu bai san dalili ba. A fara naɗar makaɗin shi kaɗai, makirfo kamar taƙi ɗaya daga fatar, a ɗaki mai labule da tabarmi, fanka a kashe. Sannan a auna saurinsa, a gina gangar na'ura a ƙarƙashinsa, a rage mata ƙarfi a daidai muryar da kalangun yake magana don kada su danne juna.